Tifa a Bakin Lungu

Mun sa kafaɗa mun tura, motar ko gezau. Mai walda ya ce mu sake, wannan karon gaba ɗaya, in ya ce "to" kowa ya danna. Muka sake. Takalmin malamin makaranta ya zame, ya faɗi a kan gwiwa, ya miƙe bai ko kakkaɓe wandonsa ba ya mayar da kafaɗa. Tifar tana nan inda take, bayanta a cikin lungu, kanta a waje, kamar tare aka gina su da katangar.

Daga ƙofar gidanta Inna ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wahalar da kanku kawai kuke yi. Ya sauke mata iska."

Duk mun ji ta. Babu wanda ya ɗaga kafaɗarsa daga jikin ƙarfen. Mijinta, Baba Mai Tifa, yana kwance a tsakar ɗaki, ɓarin fuskarsa ɗaya ya saki, an kuma ce motar asibiti ta taso. Turawar nan ita kaɗai ce aikin da ke hannunmu.

Lungunmu ba ya ɓullewa. Gidaje ne a jere hagu da dama, kowanne bayansa a jingine da wani gini, can ƙarshe kuma doguwar katangar wani sito ce da aka dasa wa fasassun kwalabe a ka. Hanya ɗaya muke da ita zuwa titi, faɗinta kuwa bai fi na tifa ba sai da ɗan abin da ba a rasa ba. A gefe ɗaya, tsakanin bodin motar da bango, tafin hannu ne kawai zai shiga. A ɗaya gefen, ta wajen kwata, mutum yana iya ratsawa in ya juya a kaikaice ya shanye cikinsa. Haka muka yi ta shiga da fita tun yammacin jiya. Baba da kansa da ƙyar ya ratsa, ana yi masa dariya, har maɓallin rigarsa ya tsinke. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, wuyansa ya kai cinyar wani. A tsaye ma sai da dabara, balle a kwance.

Tun kafin in kama haya a gidan da ke kallon nasa yake jigilar yashi da tsakuwa zuwa wuraren gini. 'Ya'yansa sun girma sun watse garuruwa, gida ya rage daga shi sai Inna. Motar ba tasa ba ce, kuma ba a lungu take kwana ba. A filin manyan motoci yake barinta, ya dawo gida a ƙafa. Dalilin shigowarta jiya shi ne ɗana.

Yaron bai cika shekara uku ba. Kalmar da ya fara furtawa a duniya ba "mama" ba ce, ba kuma "baba" ba. "Taya" ce. Duk abin da ke juyawa nasa ne: baro, kurar mai ruwa, keken ɗinkin uwarsa, murfin tukunya. In mota ta tsaya, sauran yara suna leƙa gilashi, shi kuwa sai ya kwanta rub da ciki yana kallon ƙasanta. Uwarsa ta gaji da wankin riguna masu baƙin ciki da gwiwa. Ƙananan motoci ba su dame shi ba. Babba yake so, mai tayoyi da yawa, wadda in ta wuce ƙasa take rawa.

Baba ne ya fara lura. Wata rana da yamma ya tarar da shi a kwance a gindin baron mai shago, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ai ga karen motarsa Allah ya kawo masa har gida. Matata ta ce ita dai ba ta haifi kare ba. Ya ce to a yi haƙuri, Kwandasta. Sunan ya bi shi, har ni ma na koma Baban Kwandasta a bakin mutanen lungu. Inna kuwa maigidanta take kiransa, tana cewa ta gaji da wannan tsohon da ba ya kawo mata komai sai warin man dizal, gara ta koma wa yaro.

Kullum in Baba ya dawo aiki sai ya yi wanka, ya ɗauki benci da yaron su fita bakin titi. Nan suke zama har rana ta faɗi. Baba yana faɗa masa sunayen motoci, yana maimaitawa: tirela, tanka, katafila, tifa. Bai iya "tifa" ba, sai dai "ifa". Baba kuma ba ya barin direba ya wuce bai yanke masa hukunci ba. Wannan ya san aiki. Wancan jahili ne, ji yadda yake yaga giya. Wata safiya malamin makaranta ya fito da babur ɗinsa yana tari yana hayaƙi, yaron ya nuna shi da yatsa ya ce, "Jahili." Sai da na bi malamin har gida na ba shi haƙuri. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce yaro bai yi ƙarya ba.

Shi ya yi masa motar wasa da gwangwanin man inji. Tayoyin ya yanko su daga tsohon silifas ɗin Inna, ya soke su da wayar keke. Ya koya masa doka ɗaya: ba a barin mota a tafi sai an sa mata dutse a taya. "Mota ba ta da amana, Kwandasta," in ji shi. Tun daga nan, ko abinci aka kira yaron, sai ya nemo ɗan tsakuwa ya tokare gwangwaninsa tukuna.

Da damina ta ja baya ne idon Baba ya fara yin duhu yana kan sitiyari. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba shi magani, ya ce ya rabu da tuƙi. Baba ya ɓoye maganar na ɗan lokaci, Inna ta kai ta kunnen mai motar. Mai motar bai yi rigima ba. Ya samo wani direba, ya ce Baba ya ƙarasa makon ya miƙa makulli. Abu ɗaya Baba ya roƙa: a bar shi ya kai ta gida ta kwana. Ya ce akwai wanda ya yi wa alkawari. Duk zaman da suke yi a bakin titi, yaron bai taɓa shiga tifa ba.

A bakin titi ba a barin babbar mota ta kwana, ma'aikatan hanya suna kamawa. Shi ya sa ya shigo da ita lungu da baya, a hankali, madubi a naɗe, ba tare da ya goge bango ko sau ɗaya ba. Ya bar kanta a waje yadda ƙofofi za su buɗu. Mai shago ya yi gunaguni a kan ta ina za a shigo masa da kaya. Malamin makaranta ya tambayi ta ina zai fitar da babur. Baba ya ce dare ɗaya ne, gari na wayewa za a zo a ɗauke ta, su yi masa wannan alfarmar. Ba a iya ce masa a'a. Shi ke kawo wa kowa yashi kyauta in ana gyaran ɗaki.

Da ya kashe injin ya gwada tayarwa, ta yi ƙugi ta yi shiru. Ya ce baturan nan sun daɗe suna yi masa wasa, ba zai miƙa wa wani mota a haka ba a ce tsoho ya bar ta a mace. Ya kwance su duka biyu, aka kai wa mai caji a tsallaken titi su kwana a wuta.

Matata ta riƙe yaron gam, ta ce ba zai hau ba. In ya ja wani ƙarfe motar ta gangara titi fa? Baba bai yi mata gardama ba. Ya ciro wani babban kwali daga bayan kujera, wanda yake shimfiɗawa in zai duba ƙasan mota, ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙarƙashin wani tanki ya ja wani ɗan zobe. Iska ta fito da ƙarfi, fsss, ta tayar da ƙura. Yaron ya zabura, sannan ya fashe da dariya, ya ce a sake. Baba ya yi ta ja yana saki, yaron yana tsalle, har sautin ya mutu.

"Maman Kwandasta, birkin babbar mota ba irin na ƙarama ba ne," ya ce. "Iska ce ke sakinsa. In babu iska ya kama ke nan, ko giwa ba ta jan ta. Bar shi ya taɓa duk abin da ransa ke so."

Duk da haka sai da ya sa yaron ya ɗauko dutse, suka tokare taya tare.

Yaron ya hau. Ya tsaya a kan kujerar direba, hannayensa ba su kai gefe da gefen sitiyarin ba. Ya murɗa, ya danna, ya ja, yana yin ƙarar inji da baki, yawu yana zuba a kan rigarsa. Baba yana zaune a kujerar kwandasta, hannunsa ɗaya a bayan yaron, yana cewa direba a yi a hankali, akwai kwana a gaba. Aka kira su cin abinci ba su sauko ba. A kan sitiyarin barci ya kwashe yaron, Baba ya miƙo min shi ta ƙofa.

Washegari da safe ina ɗaura takalmi na ji Inna tana kirana. Ba ihu ta yi ba. "Baban Kwandasta, zo ka ga Malam." Na tarar da Baba a ƙasa kusa da kujerarsa, kofin shayi ya kife, biredi a hannunsa na hagu bai saki ba. Hannun dama da ƙafar dama sun zama kamar ba nasa ba. Idonsa ɗaya yana bina. Bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita. Na kira asibiti, na fita na buga ƙofofi. Daga nan ne muka hau tura motar.

Da muka gaji, mai shago ya ratsa ta gefen kwata ya ruga wurin mai caji. Ya dawo hannu biyu. Tun jiya da magariba aka ɗauke wuta a layinsu, baturan suna nan yadda aka kawo su. Malamin makaranta ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga wa manyan motoci hannu, ko wani zai ara mana batir. Safiya ce, kowa da lodi a bayansa, suka yi ta yi masa ham suna kauce masa. Wani mai tasi ya tsaya, ya ce nasa ba zai tayar da wannan ba ko an kwana ana gwadawa, ya yi mana fatan alheri ya wuce.

Mai walda ya kira wani bakanike da ya sani. Mutumin yana can wani gefen gari. Ya ce akwai yadda ake sakin birkin da hannu: a bayan tayoyin baya akwai wasu tukwane, kowacce da dogon ƙusa a maƙale a gefenta, a ciro shi a zura a tsakiya a yi ta ɗaurewa da sifana. Mai walda ya shige ƙarƙashi da wayar a kunne. Muna jin sa yana cewa e, ya ga tukunyar, e, ya ga mazaunin ƙusan. Sai ya laluba. Ya ce babu komai a ciki, sai tsatsa. Ya duba ɗaya gefen, haka. Bakaniken ya ce to sai dai ya zo da nasa, yanzu zai nemi abin hawa.

Sai muka ji jiniya.

Yaron yana hannun uwarsa a ƙofar gida. Da jin ƙarar ya murɗe ya sauko, ya faɗa rub da ciki a bayan tifar. Ta ƙarƙashinta yana hango titi. Farar mota ta zo ta tsaya, hasken fitilarta yana wulgawa a ƙasa.

"Taya!" ya ce. "Mama, taya! Wii-wii!"

Yana tafi yana shure-shure don murna. Uwarsa ta ɗauke shi, ta danna fuskarsa a kafaɗarta. Ya ƙwace.

Nas ɗin da ta zo 'yar siririya ce, ta ratso da jakarta a ɗage bisa kai. Gadon ɗaukar marar lafiya ya ƙi shiga. Direban motar asibitin ya gwada a tsaye, ya gwada a karkace, ƙafafunsa suka maƙale a jikin bodi. Nas ta durƙusa gaban Baba, ta haska idonsa, ta auna jininsa, ta tambayi Inna yaushe abin ya faru da irin maganin da yake sha. Ta yi masa allura. Sannan ta fito tsakar gida ta dube mu.

"A nan babu abin da zan ƙara yi masa. Ku fitar min da shi. Yanzu."

Aka kawo shawarwari. A ɗora shi cikin bodin a bi ta saman kan motar: nas ta dubi tsayin ta girgiza kai. A fasa bangon gidan da ke bakin lungu: mai walda ya ƙwanƙwasa, ya ce kankare ne, sai an yi rabin yini. A miƙar da shi tsaye a ja shi ta gefen kwata: muka auna da idanunmu, kowa ya tuna maɓallin jiya. Inna ta juya. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin nan da Baba ya jingine a bayan ƙofa jiya, mai tabon baƙin mai, ta shimfiɗa a ƙasa.

"Ta ƙasa," ta ce. "Rabin rayuwarsa a can ya yi."

Muka ɗauko shi a bargo, muka kwantar a kan kwalin a bayan motar. Na shiga ta gaba ina jan kwalin ta wajen kansa, mai walda yana turawa ta wajen ƙafa. Kansa ya shige, kafaɗunsa suka shige. A ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya ƙirjinsa ya tokare. Muka matsa gefe, inda ƙarfen ya fi tsayi. Ya sake tokarewa. Bai fi faɗin yatsu uku ya rage ba.

Muka ja shi baya. Aka sauko da shebur ɗin da ke rataye a jikin motar, nasa, mai ƙota da hannunsa ya goge har tana sheƙi. A kwance ba a iya sara da shebur. Mai walda ya kawo guntun rodi yana caccaka ƙasa, mu kuma muna kwashewa da faranti da hannu. Ƙasar lungun ta taurare, cike da fasassun bulo da aka zuba shekarun baya saboda taɓo. Baba ne ya kawo su, kyauta. Ƙarfen ba ɗaya ba ne, biyu ne a jere, kowanne sai an haƙa ƙarƙashinsa. Malamin makaranta yana kwashe ƙasa da hannu, farcensa ya fashe bai sani ba. Nas tana durƙushe a kan Baba, ta riƙe wuyan hannunsa, lokaci lokaci tana duba agogo. Ba ta ce mu yi sauri ba. Inna ta riƙe zaninta a sama tana kare masa rana.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai da muka fara, inuwar bango tana kan motar, da muka gama ta janye.

Karo na biyu ya wuce. Ina ja da baya a kan gwiwar hannu, fuskata kusa da tasa. Numfashinsa ya canza, ya zama mai nauyi, da ɗan gurnani a ƙarshe. Idonsa mai lafiya ba ni yake kallo ba. Cikin motarsa yake bi da kallo yayin da yake wucewa a samansa, bututu, waya, tanki. Da muka zo daidai tankin, hannunsa na hagu ya taso daga kan cikinsa. Ya laluba ya sami zoben nan. Ya ja. Babu abin da ya fito.

A lokacin ne yaron ya sake ƙwacewa. Ya tsuguna a bayan motar, ya sunkuyar da kai har kumatunsa ya taɓa ƙasa, ya hango mu.

"Kaka gyara!" ya sanar da uwarsa. Sannan ya ɗaga murya, "Kaka, fsss! Sake!"

Idon Baba ya juya yana neman inda muryar take. Daga inda yake kwance ba zai iya ganinsa ba. Mai walda ya ce in ja. Na ja.

Ta ƙarƙashin ƙofar direba muka fito da shi. Mutane sun taru a titi. Aka ɗora shi a gadon, aka tura cikin farar motar. Inna ta ratso ta gefen kwata da takalmi ɗaya a ƙafa, ta shiga. Nas ta ja ƙofa. Da jiniyar ta tashi, yaron ya fara kuka a cikin lungu, ba don komai ba sai don an tafi ba a ɗauke shi ba.

Bakaniken ya iso da ƙusoshinsa bayan tafiyarsu. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga ramin. Mai shago ya ba shi ruwa ya sha ya koma.

Na bi su asibiti. Baba bai farfaɗo ba. Da la'asar ya cika, Inna tana gefensa. A baranda na tsayar da likitan na gaya masa yadda aka yi, na tambaye shi ko da mun kawo shi da wuri da ya tashi. Ya ce jijiya ce ta fashe a kai, babba kuwa. Wasu ana kawo su nan take su tafi, wasu a makare su tashi. Ya ce ba zai ce min e ba, ba zai ce min a'a ba. Ana kiransa a wani ɗaki, ya tafi.

Matata ce ta ba ni labarin yadda aka ɗauke motar. Da azahar sabon direban ya zo da batura a bayan babur, bai san abin da ya faru ba. Ya ɗaura su, ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya zauna yana danna wayarsa yana jira iska ta taru. Da ta taru ya sauko ya shure dutsen da ke taya, ya hau ya fita da ita kamar ana zare zare daga allura. Ta ce duka bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Da aka dawo da Baba gida, lungu a buɗe yake, mota ta kawo shi har ƙofa.

'Ya'yansa suka zo daga garuruwansu. Aka jera tabarmi a lungu, masu gaisuwa suna zuwa suna tafiya. Ramin da muka haƙa yana nan a bakin hanya, kowa sai ya tsallake shi. A rana ta biyu ina zaune a zaure, Inna tana daga ciki kusa da ƙofa, yaron ya wuce yana jan gwangwaninsa. Malamin makaranta, da yatsansa a naɗe da tsumma, ya bi shi da kallo, ya ce da dai motar nan ba ta shigo ba. Bai ƙarasa ba. Ba na jin da mugun nufi ya faɗa. Ya kwana biyu yana juya maganar a ransa kamar kowa.

Inna ta ɗaga labule.

"Malam, shekara arba'in ina ganin mutumin nan yana dawowa daga mota da ciwon baya da zagi a baki. Ranar nan kaɗai na ga ya sauko daga cikinta yana waƙa. Kada in sake jin wannan maganar a lungun nan."

Ta saki labulen. Babu wanda ya sake tayar da zancen, a gabanta dai.

Yaron ya yi ta tambaya. Uwarsa ta ce masa Kaka ya tafi. Ya ce da wii-wii? Ta ce e. Wannan ya gamsar da shi, har ya ji daɗi, domin a wurinsa babu wanda ya kai mai tafiya a irin wannan motar sa'a. Da yamma yakan je ya kama ƙafar bencin yana ja, ba ya iya ɗaga shi. Na fara ɗaukar masa muna fita bakin titi. Ban san sunayen motocin duka ba, shi ke faɗa min. In tifa ta taho yakan miƙe tsaye a kan bencin ya leƙa wurin direba har ta wuce, sannan ya zauna.

Babu wanda ya cike ramin. Mai shago ya ce zai sa a kawo ƙasa, sai aka rasa wanda za a ce wa ya kawo. Ruwan sama na ƙarshe ya zo ya lallausa bakinsa, ya zama wani ɗan kwari mai santsi.

Jiya da safe zan fita aiki na tarar da yaron a can. Ya kwanta rub da ciki, yana tura gwangwaninsa ya gangara cikin ramin ya haura ta ɗaya gefen, yana ƙarar inji da baki. Taya ɗaya ta fara karkacewa, babu mai gyara masa. Inna ta fito ƙofa da tsintsiya, ta ce maigida ya zo ya karya. Ya tashi, ya ja motar har gindin ƙofarta, ya juya ta da baya ya jera ta da bango. Ya duba ƙasa ya zaɓi ɗan tsakuwa, ya tokare tayar. Ya sa yatsa a ƙarƙashin gwangwanin, ya ce, "Fsss."

Inna ta tsaya da tsintsiyar a hannu har ya gama. Sannan ta matsa gefe ya shige.